Yadda ake ziyartar gandun namun daji na Nairobi

Mutanenmu da yawa sun san Nairobi ne a matsayin zango kawai: a taso daga Legas ko Akara ko Duwala, a zauna a filin jirgi, a sake hawa zuwa Dubai ko Indiya. Wasu kuma taro ne ke kawo su, su ƙare kwanakinsu tsakanin otal da zauren taro. Kaɗan ne suka san cewa kilomita 7 kacal kudu da tsakiyar birnin akwai daji mai faɗin murabba'in kilomita 117, inda zaki da karkanda da raƙumin dawa ke yawo sake, ga dogayen benayen birni a bayansu. An kafa shi a 1946, shi ne gandun ƙasa na farko a Kenya, kuma hukumar kula da namun daji ta ƙasar, KWS, ce ke riƙe da shi.

Na sha kai baƙi wurin nan, kuma abin da nake fara gaya wa kowa shi ne ya cire gidan zu daga ransa. Babu keji, babu mai kawo maka zaki gabanka. Kai ne a rufe cikin mota, dabba tana harkarta. Abin da za ka gani ya dogara da lokacin da ka shiga, da motar da ka hau, da yawan haƙurinka. Duk bayanin da ke ƙasa a kan waɗannan yake tafiya.

Kayan da za ka tanada

Fasfo. A ƙofa ake duba shi, domin kuɗin shiga ya bambanta tsakanin ɗan ƙasa da mazauni da baƙo. Idan kana da takardar zama a Kenya ka riƙo ta, za ta rage maka kuɗi sosai.

Katin banki ko M-Pesa, wato hanyar biyan kuɗi ta wayar hannu da ake amfani da ita a Kenya. Ba a karɓar tsabar kuɗi a ƙofa. Katin naira ba kullum yake aiki a waje ba, don haka ka gwada shi tun kafin ranar.

Rigar sanyi. Wannan ne mutane suka fi rainawa. Nairobi tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,700, kuma sanyin asubarta a watan Yuli yakan kai na hunturu a Kano. A motar da aka buɗe rufinta, iska za ta ƙara shi. Ka sa kaya bisa kaya yadda za ka iya ragewa idan hantsi ya dubi ludayi. Launin ƙasa ko kore ya fi, ka bar farar shadda a otal, ƙura za ta ɓata ta.

Madubin hangen nesa. Idan ba ka da shi, ka tambayi direba tun a waya ko yana da na aro. Kyamarar waya ba ta maye gurbinsa.

Ruwan sha a gora ta ƙarfe ko wadda ake sake cikawa. Kenya ta hana leda tun 2017, kuma tun watan Yunin 2020 ta hana shiga gandun daji da robar da ake sha a yar. Abincinka ma ka zuba shi a kwano mai murfi, domin babu shago a cikin dajin.

Sai taswirar gandun, ko ta takarda ko wadda ka sauke a waya, da hula, da waya cike da caji, da darduma da buta idan sallah za ta riske ka a ciki. Soket ɗin Kenya irin na Najeriya da Gana ne, mai baki uku. Wanda ya fito daga Nijar ko Kamaru ko Cadi sai ya nemi adafta.

1. Zaɓi wata, ka zaɓi rana

Kenya damina biyu take yi: babba daga Maris zuwa Mayu, ƙarama daga ƙarshen Oktoba zuwa Disamba. Lokacin da muke tsakiyar marka, wato Yuli da Agusta, su suna cikin rani mai sanyi. Rani shi ne lokacin zuwa, ko Yuli zuwa Oktoba, ko Janairu da Fabrairu. Dalilan a fili suke. Ciyawa ta yi gajarta, ido na kai wa nesa. Ruwan da ke wajen gandun ya ƙafe, sai dabbobin da suka bazu kudu su dawo ga madatsun ruwan da ke ciki. Hanyoyi kuma sun bushe.

Da damina ma ana shiga, dajin yakan yi kore shar, tsuntsaye su yi yawa. Sai dai wasu sassan baƙar ƙasa ce mai danƙo, idan ta sha ruwa ƙaramar mota ba ta fita. In ba ka da zaɓi sai wannan lokaci, to lalle ne ka nemi mota mai jan ƙafa huɗu.

Game da rana, tsakiyar mako ta fi. Asabar da Lahadi da ranakun hutu mutanen gari ke fitowa da iyalansu, zaki ɗaya sai ka ga motoci sun yi masa zobe.

2. Gama da takardu da biyan kuɗi tun ana gobe za ka je

Idan daga waje za ka zo, ka riƙo katin rigakafin cutar shawara, ana tambayar masu zuwa daga ƙasashenmu. A Janairun 2024 Kenya ta maye gurbin biza da izinin shiga da ake nema ta intanet, sannan a 2025 ta sanar da ɗauke wa 'yan yawancin ƙasashen Afirka wannan sharaɗi. Ka tabbatar da matsayin fasfonka a wurin kamfanin jirgi kafin ka tashi.

Kuɗin shiga gandun ta dandalin gwamnati na eCitizen ake biyan sa. Ka shiga, ka zaɓi KWS, ka zaɓi gandun Nairobi, ka sa ranar zuwa da yawan mutane da lambar mota, domin mota ma tana da nata kuɗin gwargwadon kujerunta. Farashi na canzawa, ka duba na ranar a can. Ka ɗauki hoton rasit ɗin ka ajiye a waya.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a bar biyan sai an zo ƙofa. Za ka tarar da layi, intanet na jan ƙafa, kai kuma kana kallon sa'ar da ta fi kowace daraja tana wucewa. Idan katinka ya ƙi, ka ba direba kuɗin ya biya da M-Pesa ɗinsa tun da dare, ya turo maka rasit mai sunanka.

3. Nemi motar da ta dace

Ba a shiga da ƙafa, ba a shiga da babur. Hanyoyi uku ne.

Ta farko, kuma ita nake ba baƙo shawara a kai, ita ce hayar motar yawon daji da direbanta: ko bas ƙarama mai rufin da ake ɗagawa sama, ko Land Cruiser. Amfaninta tsayi. Idan ka miƙe tsaye ka leƙo ta rufi, kana ganin abin da ke kwance cikin ciyawa, wanda na ƙaramar mota zai wuce bai sani ba. Amfani na biyu direban. Waɗannan direbobi kullum suna cikin dajin, sun san inda aka ga zaki jiya da yamma, suna kuma sanar da juna ta rediyo da waya. Otal zai haɗa ka da su, akan kuma same su a babbar ƙofa. Kafin ka biya ko sisi, ku yi magana ta fito fili: awa nawa ne, kuɗin shiga na ciki ko ba ya ciki, zai ɗauke ka daga otal ya mayar da kai, mutum nawa ne a motar. Yawancin saɓanin da ake samu daga nan yake fitowa.

Ta biyu, idan aljihu bai kai ba, ka shiga motar haɗaka, inda kamfani ke tara baƙi daga otal-otal a raba kuɗin. Ta fi araha, amma ba kai ke da ikon cewa a tsaya ko a wuce ba, kuma tattara mutane yakan ci lokacin safiya.

Ta uku, ka tuƙa da kanka. Da rani ƙaramar mota na iya bin manyan hanyoyin ciki. Ka dai tuna a Kenya ta hagu ake tuƙi, sitiyari na dama. Ka cika tanki, ka duba safaya da jak, ka ajiye lambar wayar ofishin gandun. Direban Uber ko Bolt zai iya kai ka ƙofa, amma kada ka ɗauka zai shiga da kai daji sai in kun yi wannan yarjejeniya daban.

4. Yi sammako

Ana buɗe ƙofa ƙarfe 6 na safe, kai kuma ka kasance a wurin kafin a buɗe. Da sanyin safiya ake kama fara. Nairobi na dab da layin da ya raba duniya biyu, saboda haka duk shekara rana na fitowa ne wajen ƙarfe 6 da rabi, ta faɗi wajen 6 da rabi na yamma. Asuba na shiga da misalin ƙarfe 5 da 'yan mintuna: ka yi sallah a masauki, ka fito nan take. A wannan lokaci titin Langata, inda babbar ƙofa take, fayau yake. Ka ƙara awa ɗaya, ka faɗa cunkoson masu zuwa aiki.

Dalilin sammakon shi ne zaki da dare yake farauta, ya kai har wayewar gari, sannan ya nemi inuwa ya kwanta yini guda. Daga ƙarfe 6 zuwa 9 za ka iya samun sa yana tafe, ko yana kan nama, ko yana kwance a kan hanya yana gudun raɓar ciyawa. Daga ƙarfe 11 zuwa 3 dajin yakan yi tsit. Wanda ya zo da azahar ya ce bai ga komai ba, lokacin ne bai dace ba. Idan safiya ta gagara, ka shiga ƙarfe 3 da rabi ka kai har rufewa.

Gargaɗi biyu a kan agogo. Kenya na gaban Najeriya da Nijar da awa 2, ka tabbata wayarka ta juya. Sannan masu magana da Suwahili daga fitowar rana suke fara ƙirga awa: ƙarfe 7 na safe shi ne ƙarfe ɗaya a wurinsu, ƙarfe 6 na safe kuma sha biyu. Idan kuna sa lokaci da direba, ka rubuta masa da lamba a saƙo, don kada ku yi ta jiran juna.

5. A ƙofa

Ka nuna fasfo da rasit. Ka zaga bayan gida a nan, domin a ciki sai a wuraren hutawa kaɗai ake samu. Ka sayi taswira idan ba ka da ita. Sannan ka gaisa da malaman dajin da ke bakin ƙofa ka tambaye su abin da aka gani da safen nan da kuma inda hanya ta lalace. Suna amsawa da daɗin rai. Kalma biyu na Suwahili za su yi maka amfani a wurinsu da wurin direbobi: simba shi ne zaki, kifaru karkanda.

Kowace mararraba a cikin gandun tana da tubalin dutse mai lamba, lambobin kuma suna kan taswira. Da su ake kwatance. Duk mararrabar da ka wuce ka riƙe lambarta, ko da ba kai ke tuƙi ba. Idan mota ta lalace, wannan lamba ita za ka faɗa a waya.

6. Yadda ake neman dabba

Nan ne aikin yake. Doka ta ce kada a wuce gudun kilomita 40 a awa, amma mai son gani rabin haka yake yi. Ka kashe rediyo, ka sauke gilashi, a rage hira.

Daga babbar ƙofa za ka fara ratsa kurmi, a ɓangaren yamma. Ka duba rassan manyan itatuwa, damisa a can take kwanciya, ko da yake ganinta sai an yi dace. Da ka gangaro sai fili ya buɗe, ciyawa har iyakar gani da ƙayoyi jefi-jefi. Ka fara biyawa ta madatsun ruwan da ke kusa, Nagolomon da wanda ake kira Hyena Dam. Akwai dorina da kada da tsuntsayen ruwa, kuma duk dabbar da ke jin ƙishirwa nan za ta zo. Ka kashe inji ka ba wurin minti goma. Abin da ka ɗauka gungumen itace ne a bakin ruwa, sau da yawa kada ne.

Sabon zuwa yakan nemi dabba sukutum, shi ya sa yake wuce ta. Ka nemi ɓangarenta: kunne da ya motsa a saman ciyawa, wutsiya da ta kaɗa, wani launi da bai yi kama da na kewayensa ba. Ka bi fili da ido a hankali daga kusa zuwa nesa, ka dawo, sannan ka ɗaga madubi ka duba gindin kowace bishiya mai inuwa.

Abu na biyu, ka bar dabbobin su nuna maka. Idan ka ga garken barewa ko kanki ko jakin dawa sun daina kiwo, duk sun ɗaga kai sun zuba ido waje ɗaya, kunnuwa a miƙe, wasu na huci, to akwai abin da suka gani. Ka bi inda idonsu yake. Idan birai sun haye bishiya suna haushi, haka nan. Ungulu na sauka wuri ɗaya, akwai nama a ƙasa, mai naman kuma bai yi nisa ba. Dila da ke kai da komo yana leƙen wani kurmi, jira yake babba ya ƙoshi. Idan kuwa garke na kiwo hankali kwance, 'ya'ya na tsalle, ka wuce, babu zaki a kusa.

Abu na uku, sauran motoci. In ka hango mota uku huɗu tsaye wuri guda, ka nufe su a hankali. In kun haɗu da wata a hanya, ku tsaya ku yi musayar labari, al'adar wurin ce.

Kada neman zaki ya hana ka ganin sauran. Na sha ganin baƙo ya wuce raƙumin dawa yana cin ganyen ƙaya a gefen hanya, ya wuce jimina da 'ya'yanta, yana ta cewa direba a yi gaba, ƙarshe ya fita da ɓacin rai. An ƙirga tsuntsaye sama da iri 400 a wannan gandu. Za ka ga gauraka, da zabin daji, da mikiya, da balbela na bin ɓauna, da carki a bayan raƙumin dawa yana cire masa kaska. Akwai mugun dawa da ke gudu wutsiya a sama, akwai kura idan ka yi sammako sosai. Giwa ce kaɗai daga cikin manya babu ita a sake a nan. Mai son giwa a daji sai ya nufi gandun Amboseli ko na Tsavo.

Abin da gandun ya fi shahara da shi karkanda ne. Yana daga cikin wuraren da Kenya ta keɓe don kare baƙar karkanda daga mafarauta masu neman ƙahonta, kuma da wuya ka yi safiya guda ba ka ga ko ɗaya ba. Iri biyu ne, kuma duk launinsu toka-toka ne, da baki ake bambanta su. Fara tana da faffaɗan baki, kanta a ƙasa tana kiwon ciyawa a fili, sau da yawa biyu ko uku tare. Baƙa ta fi ƙanƙanta, leɓenta na sama mai tsini ne tana fizgar ganye da shi, ta fi son kurmi, kuma ta fi saurin fushi.

7. Idan ka same ta

Ka matsa a hankali, ka tsaya daga nesa, aƙalla mita 20, ka kashe inji. Kada ka sauka daga kan hanya ka bi ciyawa da mota, ko da direba ya ce zai yi maka alfarma. Tara ce mai nauyi, kuma tayar mota na tattake ƙwan tsuntsaye da 'ya'yan dabbobin da ke ɓoye. Ba a yin oda, ba a tafi, ba a kwaikwayon kukan dabba don ta waiwayo. Ba a ba kowace dabba abinci.

Zaki ya saba da mota, yana ɗaukar ta abu ɗaya da ba ruwansa da shi. Da ka fito da rabin jikinka ta taga, ko ka buɗe ƙofa, ya gane mutum ne. Yara su zauna a tsakiya, hannuwa a ciki. Idan zaki ya nufo motar, a ɗaga gilashi a yi shiru, zai wuce.

Wanda ya fi zaki haɗari shi ne tsohon ɓauna da ya ware daga garke, da karkanda mai ɗa. Kada ka shiga tsakanin uwa da ɗanta, kada ka tare wa dabba hanyar da ta nufa. Idan ta ɗaga kai ta kafe ka da ido tana huci ko tana tonon ƙasa, ka ja da baya sannu a hankali. Kullum ka tsayar da mota yadda za ka iya fita ba sai ka yi ribas mai tsawo ba.

Idan taya ta yi faci ko mota ta kafe, kada kowa ya fito. Ka kira ofishin gandun ka faɗi lambar mararraba, ko ka tsayar da motar da ta zo wucewa.

Ga mai son hoton nan da aka san Nairobi da shi, dabba a gaba benaye a baya: birnin yana arewa, don haka ka sa dabbar tsakaninka da arewa, ka ɗauka da safe kafin hazo ya rufe benayen. Jirgin ɗaukar hoto mara matuƙi kuwa ba a tashinsa sai da izini na musamman.

8. Wuraren da aka yarda a sauka

Kaɗan ne, kuma an sa musu alama. Na kusa da babbar ƙofa shi ne wurin ƙona hauren giwa. A nan ne a watan Yulin 1989 shugaba Daniel arap Moi ya cinna wa tan 12 na haure wuta, a lokacin da mafarauta suka kusa ƙarar da giwayen ƙasar, don ya nuna wa duniya cewa Kenya ba za ta ci kuɗin haure ba. A ƙarshen Afrilun 2016 shugaba Uhuru Kenyatta ya sake ƙona tan 105 a cikin gandun. Tokar tana nan a tare, an kewaye ta. Ka tsaya ka karanta allunan, musamman idan da yara.

Akwai wurin hange na Impala a kan tudu, da wuraren cin abinci na Kingfisher da Mokoyeti. A irin waɗannan wurare za ka karya kumallo, ka yi alwala, ka yi sallah. Ka lura da alƙibla: mu mun saba fuskantar gabas, amma daga Nairobi Makka tana arewa ne, da ɗan karkata kaɗan zuwa gabas. Kafin ka shimfiɗa darduma ka duba kewaye, kuma kada ka yi nisa da mota, domin ba katanga ce ta raba ka da dajin ba.

Birai su ne matsalar waɗannan wurare, musamman gwaggon biri. Sun san kwano, sun san jaka, suna shiga mota ta taga. Ka rufe gilashi da ƙofa duk lokacin da ka sauka, kada ka bar yaro riƙe da abinci shi kaɗai. Idan biri ya fizge abu, ka bar masa. Sharar da ka tara ka fita da ita.

Can kudu maso gabas, a bakin kogi, akwai tafkunan dorina inda ake ɗan tafiya da ƙafa tare da malamin daji mai bindiga. Ka bi bayansa, kada ka matsa bakin ruwa. Dorina a tudu ta fi mutum gudu.

9. Ka kai har kudu

Masu gaggawa sukan yi zagaye kusa da ƙofa su fita. In kana da awa huɗu ko biyar, ka ce wa direba ya kai ka kwarin Athi da bakin kogin Mbagathi. A hanya za ka bi ta ƙarƙashin doguwar gadar jirgin ƙasa da aka buɗe a 2019, wadda aka ɗora a kan ginshiƙai don dabbobi su riƙa wucewa, bayan doguwar jayayya da masu kare daji.

An kewaye gandun da waya mai lantarki ta arewa da gabas da yamma, inda yake gogayya da gidaje da masana'antu. Kudu kaɗai aka bari a buɗe, kogin ne iyaka. Ta nan dabbobi ke fita zuwa filayen Kitengela da damina su dawo da rani, kuma wannan ƙofa ce ta sa wurin ya zama daji na gaske duk da ƙanƙantarsa. Idan ka tsaya a bakin kogin za ka hango rufin kwano da shinge a ƙetare, kowace shekara suna ƙaruwa. Makiyayan Masai da ke can su ne ke ɗaukar asarar zakin da ya ƙetara ya faɗa wa shanu. Wani yaronsu, Richard Turere, ya ƙirƙiro fitilu masu walƙiya da ake jerawa a kewayen garke, zaki ya ɗauka mutum ne ke zagayawa da tocila, dabarar kuma ta bazu har wasu ƙasashe. Duk wanda ya tashi cikin masu dabbobi zai fahimci zafin ɓangarorin biyu.

10. Fita, da abin yi idan wani abu ya gagara

Ana rufe ƙofa da faɗuwar rana. Ka tambayi ainihin lokacin tun da za ka shiga, ka kuma fara komawa da sauran awa guda, domin daga kudu zuwa babbar ƙofa tafiya ce. Direban da ya yi maka ƙoƙari, ana ba shi ɗan alheri bayan kuɗin haya.

Idan kana tare da tsoho ko ƙananan yara da ba za su jure awa huɗu a mota ba, ko kuɗin haya ya yi yawa, a babbar ƙofa akwai Safari Walk, hanyar katako da ake bi da ƙafa ana kallon dabbobi a manyan shingaye, da gidan marayun dabbobi kusa da ita. Kowanne da tikitinsa. Ba daji ba ne, amma yaro zai ga zaki ido da ido.

Mai son giwa ya nemi gidan renon marayun giwaye na gidauniyar Sheldrick, a gefen gandun ta titin Magadi. Awa ɗaya tak suke buɗewa, daga ƙarfe 11 zuwa 12 na rana, lokacin da ake ba 'ya'yan giwa madara. Sai an kama wuri ta intanet tun da wuri, kuma ka yi tanadin kuɗin shiga gandun bayan nasu. Ya dace da wanda ya shiga daji ƙarfe 6: ya fito 10 da rabi ya wuce can. Daga nan cibiyar raƙuman dawa ta Langata ba nisa, inda ake ba su abinci da hannu. Abincin halal kuwa ba ya wuya: unguwar South C na dab da gandun, ga kuma Eastleigh da kewayen masallacin Jamia a tsakiyar gari.

Matafiyin da ya yada zango a filin jirgin Jomo Kenyatta shi ma zai iya, idan tsakanin jiragensa ya kai awa 8 kuma da rana ne. Sai ya tabbata yana da izinin fita daga filin, ya shirya mota ta tare shi, su shiga ta ƙofar gabas da ke kusa da titin Mombasa maimakon zagayawa Langata. Ya ba dajin awa 3, ya kama hanyar komawa da sauran awa 3 kafin tashin jirgi. Idan cunkoson yamma ya kama titin Mombasa, a hau babbar hanyar sama da ake biyan kuɗi, wadda aka buɗe a 2022, tana kai wa har filin jirgi.